Yaron bakin get: shekarar karatu guda da ɗalibi ɗaya a makarantarmu ta Jos

Ƙarfe 7:30 muke kaɗa ƙararrawar asambili, 7:45 Baba maigadi ya ja get ya danna kwaɗo, duk wanda ya iso bayan nan to ya makara, a waje zai tsaya har a gama addu'a da taken ƙasa da sanarwa, sannan malamin ladabtarwa ya fito rajista a hannu ɗaya tsumagiya a ɗayan. Bulala biyu ko uku, ko tsintar leda a fili, ko wankin banɗaki in abin ya yi yawa. Haka na tarar da tsarin ranar da aka ba ni shugabancin makarantar nan kuma haka na ci gaba da shi shekara da shekaru, ban taɓa zama na tambayi kaina ko yana gyara wani abu ba, tunda mu ma haka aka yi mana.

Makarantar jeka-ka-dawo ce ta al'umma a Jos ta Arewa, JSS1 zuwa SS3, maza da mata. Yaranmu na Unguwar Rogo ne da Rikkos da Gangare da Nasarawa, 'ya'yan direbobi da makanikai da teloli da masu tireda. Abin da zan kawo labarin yaro ɗaya ne ɗan JSS3 a shekarar karatu ta 2023/2024, daga Satumba har Yuli. Ba zan faɗi sunansa ba balle na iyayensa, kuma sai da na nemi iznin mahaifiyarsa kafin na zauna rubutun nan. Na yi shi ne saboda 'yan uwana masu riƙe da makarantu, don na san da wuya a samu wanda ba shi da irin wannan yaron a bakin get ɗinsa.

Mun dawo hutu a Satumba gari ya riga ya canza. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600, kuma duk mai hawa keke napep a garin nan ya ji a jikinsa. Malamaina da kansu suka fara makara, wanda ke zuwa daga Bukuru ko Tudun Wada sai ya tako rabin hanya a ƙafa don ya rage kuɗin mota, in ya shigo 8:10 ya ce "yallaɓai a yi haƙuri, mota ce" sai in ce ba komai Malam, Allah ya kawo mana sauƙi. A daidai lokacin nan kuma yara na can waje a tsugunne suna jiran bulala a kan laifi iri ɗaya. Wallahi wannan abin har yau yana damuna, na yi wa manya uzuri ban yi wa yara ba, kuma a lokacin ko kusa ban ga haka ba.

Shi yaron da nake magana dogo ne siriri, shekararsa wajen goma sha biyar, ba shi da hayaniya. A JSS1 da JSS2 sunansa bai taɓa shiga rajistar makara ba, na koma na duba da kaina daga baya. Amma daga mako na uku na wannan zangon sai ya zama kusan kullum yana ciki, wani lokaci 8:20, wani lokaci har 8:40. Abin da ya fi ɓata wa malamin ladabtarwa rai shi ne ba ya roƙo ba ya kuka ba ya kawo ƙarya irin ta yara, hannu kawai zai miƙa a yi masa ya wuce aji. In an ce me ya tsare ka, sai ya ce "na makara ne Malam", shikenan. Malamin ya zo ofishina ya ce yaron nan taurin kai ya fara, in ba a tare shi yanzu ba 'yan shaye-shaye za su ja shi, ni kuma na yarda da shi nan take.

Malamar ajinsu ce ta fara ganin abin da mu maza biyu ba mu gani ba. Wajen ƙarshen Oktoba ta shigo min da takardar makin CA, wato tes-tes da aikin gida da ake tarawa a haɗa da makin jarrabawar ƙarshen zango, ta ajiye a gabana ta ce Malam duba nan. A jadawalin JSS3 lissafi ne darasin farko kwana uku a mako, don an saba cewa da safe kan yaro ya fi ɗauka, sauran kwana biyun kimiyya ce. To a waɗannan biyun makinsa ya zube ƙasa warwas, wasu tes ɗin ma sifili ne don ba ya nan aka yi, amma Hausa da addini da sauran darussan da ake yi bayan tara makinsa na nan yadda aka san shi. Ta ce yaron da ya lalace ko'ina yake lalacewa, wannan kuwa da safe kawai yake faɗuwa, kuma ta lura hannunsa duk ya faffashe, wani lokaci da 'ya'yan tumatur a manne a sandal ɗinsa. Na ji ta, na ce za a duba, amma gaskiya hankalina na kan biyan albashi da rajistar WAEC ta 'yan SS3, sai na yi abin da ya fi sauƙi, na rubuta takarda a kira iyaye.

Mahaifiyar ce ta zo. Wannan zaman shi ne babban kuskurena a duk shekarar kuma gara in faɗe shi yadda yake. A ɗakin malamai na gan ta maimakon ofishina, malamai huɗu ko biyar na zaune, yaron na tsaye a gefe. Na karanto mata ranakun da ya makara ɗaya bayan ɗaya, na ce mata JSS3 ba ajin wasa ba ne, a ƙarshensa akwai jarrabawar BECE wadda ita ce ƙofar SS1, na ce dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ɗora wa iyaye nauyin karatun shekara tara na farko, in abin ya ci gaba zan dakatar da shi mako biyu. Ta sunkuyar da kai cikin hijabinta ta ce "Malam a yi haƙuri, in sha Allahu za a gyara." Iyakar abin da ta ce kenan. Ni a raina na ce iyayen yanzu ba su damu ba. Ashe matar da ke soya awara a ƙofar gida tana jinyar miji a ɗaki ce na tsayar gaban mutane ina yi mata karatun doka, ta yaya za ta buɗe baki ta tona asirin gidanta a irin wannan wurin.

Ba a gyara komai ba, sanyi ya shigo. Wanda ya san Jos ya san Disamba, hazo ya rufe duwatsu, ruwan randa kamar ƙanƙara, yara na zuwa da suwaita biyu da hular sanyi leɓe duk a fashe, mu kanmu mukan gajarta asambili. Wata safiya ina shigowa Baba maigadi ya tare ni, dattijo ne da ya girme ni nesa, ya ce "ranka ya daɗe ina da magana in ba za ta zama shisshigi ba." Na ce Baba faɗi mana. Ya ce yaron nan da ake duka kullum ba barci ke makarar da shi ba, shi yana ganinsa bayan sallar asuba yana sauri ya nufi hanyar Farin Gada da wani tsohon buhu a kafaɗa, kuma ba yau ya fara ganinsa ba. Na ce to me ya hana ka faɗa tuntuni Baba? Ya ce ba a tambaye ni ba.

Washegari da na idar da asuba ban koma gida ba, na hau babur ɗina na tafi. Kasuwar Farin Gada da sassafe wata duniya ce, motoci na sauke tumatur da tattasai da attaruhu da kabeji da karas da koren wake daga gonakin rani, dankalin turawa daga wajen Bokkos da Mangu, manyan motoci kuma na tsaye ana yi musu lodi za su yi kudu, dillalai na ihu, masu shayi sun hura wuta, laka da ruɓaɓɓen ganye ko'ina duk da ba damina ba ce. A cikin wannan cunkoson 'yan dako ne ke ɗauke da kasuwar a ka, manya da yara. Ban daɗe ina dubawa ba na hango shi, kwandon tumatur a kansa ruwan na bin wuyansa cikin wannan sanyin, ya kai mota ya sauke ya dawo da gudu don kar wani ya riga shi na gaba. Yunifom ɗinsa na cikin leda a rataye jikin wata rumfa. Ban kira shi ba, na tsaya bayan wata mota na ɗan jima sannan na juya. Ranar 8:30 ya iso makaranta, na leƙo ta taga na ga ya miƙa hannu kamar kullum, na aika aka ce wa malamin ya dakata.

Bayan la'asar muka je gidansu ni da malamar ajinsu. Ɗaki biyu ne na haya, mahaifin na kwance a tabarma ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, hawan jini ne ya kayar da shi tun cikin damina. Da keke napep yake ja, kuma keken ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas, da mai ya tashi sai ya zama yana wuni a titi ya dawo da abin da bai kai cefane ba, ana cikin haka ciwon ya zo mai keke ya karɓi abinsa. Yaron shi ne babba a cikin biyar. Na gaishe shi na ce Malam ya jiki, ya yi ta ƙoƙarin tashi zaune na ce ya kwanta, da ƙyar maganarsa ke fita ya ce "Malam ni na san yana zuwa kasuwa, ban aike shi ba kuma ban hana shi ba." Kafin mu fito na nemi gafarar mahaifiyar kan abin da na yi mata a ɗakin malamai, ta ce ba komai ai aikinka kake yi, amma sai da ta share ido da bakin hijabi.

Da aka dawo zango na biyu a Janairu na kira taron malamai, kuma an yi musu sosai. Malamin ladabtarwa mutumin kirki ne, yana son yaran nan tsakani da Allah, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe talatin za su zo da labarin uba ba lafiya, kuma ranar WAEC ko JAMB babu mai jiran wanda ya makara, gara su koya a hannunmu. Malamar ajinsu ta ce duka wata uku ana yi me ya canza? Wani dattijon malami da ya ga rikicin Jos na 2001 da na 2008 da na 2010 ya kawo wata magana da ni ban taɓa tunaninta ba, ya ce a garin nan kulle yaro a waje ganganci ne, in wani abu ya tashi da safe yaron ba ya gida ba ya makaranta, uwarsa ta ɗauka yana wurinmu mu kuma mun bar shi a titi. Nan ɗakin ya yi tsit.

Abin da muka tsayar a ƙarshe: za a mayar da lissafin JSS3 bayan tara kwana biyu a mako, shi yaron an ba shi har 8:30 ya shigo ba duka amma ya biyo ta ofishina ya sa hannu, kuma shugaban PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ya samo wani bawan Allah da ya ɗauke kuɗin makarantarsa da na BECE ba tare da an ambaci suna ba. Canza jadawalin nan kaɗai ya ci mana mako biyu, don malamin lissafin yana da wata makarantar da yake koyarwa da rana, sai da aka taɓa darasin mutum huɗu kafin abin ya zauna, kowa na ƙorafi. Mun so mu sa masa lesin ranar Asabar sai muka ga ita ce ranar da ya fi samun aiki, muka bari.

Na ɗauka an gama. Mako uku abin na tafiya, makinsa na lissafi ya fara motsi, ni har na fara ba wasu shugabannin makarantu labari. Sai a cikin Fabrairu yaro ya ɓace. Kwana ɗaya, biyu, mako guda, muka aika gida mahaifiyar ta ce ya ce mata zai bi motar kaya kudu ya dawo, ta hana shi bai ji ba. Kusan mako biyu ya yi, ya bi motar tumatur a matsayin yaron mota, yaro ɗan shekara sha biyar a wannan doguwar hanyar da dare, ni dai a kwanakin nan barcina bai yi daɗi ba. Da ya dawo na sa aka kawo min shi bayan an tashi, ofis ba kowa, na ba shi kujera ya ƙi zama sai da na matsa. Na ce ɗana me muka yi maka? Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce kuɗin maganin Baba ne ya ƙare. Na ce shi kaɗai? Sai ya ce, kuma wannan maganar ba za ta bar kaina ba, "Malam bulalar ta fi min sauƙi. In an dake ni kowa ya ɗauka barci na yi. Yanzu kowa ya sani."

Ashe tun da ya fara biyowa ta ofishina yara suka sa masa ido, me ya sa shi ba a dukansa, wani ya bincika ya gano, sai suka laƙaba masa "ɗan tumatur", in ya shigo aji wasu su toshe hanci. Wata uku yana karɓar duka don ya rufa wa gidansu asiri, mu kuma cikin mako uku da niyyar taimako muka yaye rufin. Ban yi shawara da shi ba ko sau ɗaya, da malamai na yi da PTA na yi, shi da abin ya shafa ban tambaye shi yadda yake so a yi ba, kuma mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan muka sake lale. Na soke zancen sa hannu a ofishina, muka mayar da abin na kowa da kowa: get ba a kulle shi da yaro a waje, wanda ya makara ya shigo ya tsaya daga ciki, a rajista kuma muka ja sabon layi muka rubuta "dalili" a samansa, kuma ba a gaban mutane ake tambaya ba, malamin aji ne zai ja yaro gefe lokacin tara. Wanda dalilinsa ya tabbata ana ba shi lokacinsa a shiru tsakaninsa da malamin ajinsa, wanda kuma wasa ne ya tsare shi yana nan da tsintar ledarsa da sharar aji bayan an tashi, ba lokacin darasi ba. Bulalar bakin get na dakatar da ita. Waɗanda suka yi masa tsiya kuma na kira su ɗaya-ɗaya, ban yi maganar a asambili ba don kar in ƙara tona shi.

Abin da layin nan na dalili ya fito mana da shi ya ba ni mamaki, ruwa dai ba ya tsami banza. 'Yan mata da yawa layin ruwa ne ke tsare su, don Fabrairu da Maris rijiyoyin unguwannin nan sun ƙafe sai a bi layi a borehol tun duhu. Wasu sai sun raka ƙannensu firamare tukuna. Wasu da can keke suke hawa yanzu a ƙafa suke zuwa. Wata yarinya sai ta kai wa uwarta ƙosai bakin titi ta jira a sayar da kaskon farko. Kuma eh, malamin ladabtarwa bai yi ƙarya ba, akwai 'yan gidan kallon ƙwallo da masu kwana kan waya, waɗannan ranar Laraba da Alhamis ake ganinsu bayan wasannin Turai na dare, kuma Litinin ɗin da ta biyo bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka, 11 ga Fabrairu da Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1, kusan rabin maza ba su ga asambili ba. Wasu ma sun gwada ƙaryar uba ba lafiya kamar yadda ya faɗa, amma unguwa ɗaya muke, malamin aji na yin tambaya biyu ake ganewa. Da can duk waɗannan bulala ɗaya muke yi musu.

Azumi ya kama 11 ga Maris, muka rage lokacin tashi, jarrabawar zango na biyu ma cikin azumin aka yi ta. Shi yana dako da azumi a bakinsa ya zo ya zauna jarrabawa, malamar ajinsu ta ce sau biyu tana tashinsa daga barci a kan takarda. Ya dai ci, ba yabo ba fallasa. Aka yi sallah 10 ga Afrilu muna hutu.

Zango na uku ya zo da abin da ban zata ba, yaro ya fara zuwa 7:20, kafin ma wasu malamai. Malamai suka yi ta murna ana cewa an ci nasara, ni ma na ji daɗi, sai Baba maigadi ya sake tare ni, wannan karon ni na ce masa duk abin da ya gani ya riƙa faɗa min. Ya ce ranka ya daɗe ba gyaruwa ba ce, aiki ne babu. Gaskiyarsa, ruwa ya sauka kayan rani sun ƙare, a Mayu da Yuni na 2024 tumatur ya yi tsadar da mata suka koma miyar karas da busasshen kayan miya, kaya sun yi ƙaranci a kasuwa manyan 'yan dako ma na rububin abin da ya samu balle yaro. Wato yana zuwa da wuri ne da yunwa. A rajista sunansa ya fita tsaf, in da rajistar kaɗai nake kallo da na rufe fayil ɗinsa na ce an gama.

A nan ne PTA ta yi abin da ya fi duk dabarunmu amfani. Wani uba a cikinsu mai shagon kayan gyaran mota a Dilimi ya ce a turo masa shi bayan an tashi, daga azahar zuwa magariba, zai koya masa sana'a kuma kullum zai sallame shi da abin cefane. Wannan karon sai da na zaunar da yaron na tambaye shi ko yana so, na kuma je na tambayi mahaifinsa, suka amince, sannan aka fara. Ba wai ya wadatar da gidan ba ne, kuma lokacin bitarsa ya ragu ana dab da jarrabawa, islamiyyar yamma ma ta koma Asabar da Lahadi kawai, wannan kuma ya dame ni. Amma dai ya daina fita da asuba cikin ruwa. A wannan zangon ne ma aka dawo da tsohon taken ƙasa a ƙarshen Mayu, muka yi ta koya wa yara a asambili mu ma muna tuntuɓe, na riƙa hango shi a layin JSS3 tun daga baitin farko, abin da ban gani ba tun Satumba.

Ya rubuta BECE, 'yan JSS3 suka tafi gida, sauran azuzuwa suka shiga jarrabawar ƙarshen shekara. Ranar Juma'a 12 ga Yuli da safe ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji yara na ciki, mutum 22 suka rasu, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ya ba iyayensu haƙuri. Labarin ya fara yawo ne a matsayin "makaranta ta rushe" ba a faɗi wacce ba, kafin ka ce me iyaye sun cika bakin get ɗinmu wasu ba takalmi, kowa na kiran sunan ɗansa. Cikin waɗanda suka fara isowa har da shi, ya taho da gudu daga Dilimi hannu duk baƙin mai, ƙanwarsa na JSS1. Baba maigadi ya buɗe get gaba ɗaya, muka ɗauko rajistar kowane aji muna kiran suna muna miƙa yara ga iyayensu, ya kama hannun ƙanwar tasa suka tafi. Bikin ba da kyaututtuka na shekarar ba mu yi shi da kiɗa ba, addu'a kawai aka yi, cikin hutun kuma muka kira injiniya ya duba mana benen da 'yan SS ke ciki.

Sakamako ya fito ya tsallake, lissafi da ƙyar, sauran lafiya lau. A Satumba ya dawo SS1, ya so ajin kimiyya amma makin lissafin bai kai ba, aka sa shi ajin kasuwanci, kuma na san zangon farkon nan da ya rasa darasin safe ne ya jawo, wata uku da muka yi muna dukansa maimakon tambayarsa. Mahaifin yana nan yana takawa da sanda amma bai koma aiki ba. Yaron na zuwa Dilimi har yanzu, in kaya sun yi yawa a Farin Gada ranar Asabar yakan leƙa.

Ni da malamin ladabtarwa har yau ba mu gama daidaitawa ba, shi yana ganin makara ta ɗan ƙaru a wajen manyan maza 'yan SS2 tun da aka ajiye tsumagiya kuma rajista ta nuna yana da gaskiya a nan, mun sa zancen a taron PTA mai zuwa. Layin dalili kuma wasu malaman aji sun fara cika shi da "ba dalili" don su huta, sai na koma karɓar rajistar duk ranar Alhamis ina bi da kaina. A ta makon jiya akwai wata yarinya 'yar JSS2 da ta makara sau huɗu a jere, duk an rubuta mata ba dalili, na ce malamar ajinsu ta same ni gobe bayan tara, Baba maigadi ma na ce ya zo.